SHARHI: Gudun asuba kaɗai ba zai kai matasan Fagada Depot na Zariya ba

Duk lokacin da Rundunar Sojin Ƙasa ta Najeriya ta buɗe shafin ɗaukar sababbin sojoji, hanyoyin da suka ratsa Jega, Aliero da Maiyama sukan cika da samari masu gudu bayan sallar asuba. Daga ƙauyuka irin su Fagada, burinsu guda ne: su tsallake tantancewar jiha, su isa Depot na Zariya, makarantar da take horar da ƙananan sojoji tun 1924, inda ake shafe wata shida ana sauya farar hula ya zama soja.

Buƙatar sojoji a Kebbi ba ta ɓuya ba. A watan Yunin 2021 aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kai hari Mera da ke Ƙaramar Hukumar Augie. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 kuma aka sace 'yan mata 25 a makarantar Maga, lamarin da yana cikin abubuwan da suka sa Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro, ya kuma umarci a ƙara ɗaukar jami'ai. Ƙofa ta buɗe. Tambayar ita ce, matasa nawa ne daga karkarar Kebbi jikinsu zai iya ratsa ta?

Sharuɗɗan a bayyane suke. Wanda ba shi da sana'ar hannu sai ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 22. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, na mace kuma mita 1.65. Akwai takardar kammala sakandare, akwai gwajin ƙarfi, akwai kuma gwajin likita. Gudu ɓangare ɗaya ne kawai daga cikin waɗannan.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar ƙarfin gona a matsayin ƙarfin soja. Saurayin da ya tashi yana noman albasa a fadamun Aliero ko yana dakon buhuna a kasuwar Jega ba a raina damtsensa. Amma gudu mai nisa aikin zuciya da huhu ne, kuma ƙashin ƙwauri yana buƙatar makonni masu yawa kafin ya saba da dukan ƙasa. Wanda ya yi shekara bai yi gudu ba, sannan ya tashi rana ɗaya yana cin kilomita goma kullum da takalmin roba, tsagewar ƙashi yake saya wa kansa. Aliero ta shahara da masu ɗori, to amma ƙafar da aka ɗaure ba ta shiga layin tantancewa. Abin da masana motsa jiki suka sani shi ne a fara tun wata biyu ko uku kafin lokaci, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, a bar ranakun hutu.

Na biyu shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Kebbi yakan haura 40. Jiki kan ɗauki kusan mako biyu kafin ya saba da aiki mai nauyi a cikin irin wannan yanayi. Jiri, rikicewar hankali, ko fitsari mai duhu kamar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani alamu ne na haɗari ga ƙoda da rai, asibiti suke nema ba jarumta ba. Nan ne tramadol yake yaudarar matasa: yana rufe bakin ciwo, alhali ciwon shi ne ƙararrawar da jiki yake bugawa. Wanda ya dogara da ƙwaya kuma yana iya faɗuwa tun a gwajin likita.

Na uku, wanda ya fi nauyi, ba laifin matasan ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, adadi mafi girma a Najeriya. Binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ma ya sa Kebbi a sahun farko da kashi 49. Yaran da aka auna a 2018 za su cika shekara 18 ne tsakanin 2031 da 2036. Sandar awon mita 1.68 tana jiran su, kuma babu gudun da yake dawo da tsawon da yunwa ta cinye tun mutum yana goye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce dole rundunonin soja su ƙunshi kowane ɓangare na ƙasa. Wato Kebbi tana da kasonta. Sai dai kaso a takarda ba ya nufin ɗan ƙauye ya samu. Ɗan birni yana da filin wasa, asibiti da ɗan uwa tsohon soja mai ba shi shawara. Ɗan Fagada yakan fara jin cewa yana da hawan jini, gwaiwa ko ciwon hanta ne a ranar da aka fitar da shi daga layi, bayan ya kashe kuɗin mota da na takardu. A wannan gurbi ne 'yan damfara suke shiga da alƙawarin "gurbi", duk da rundunar ta sha nanata cewa neman aikin kyauta ne.

Gyaran bai fi ƙarfin gwamnati ba. Ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama za su iya ware ranakun awon tsawo, hawan jini, ido da jini kyauta a asibitocinsu watanni kafin tantancewa, domin wanda ciwonsa yake warkuwa ya nemi magani, wanda kuma bai cika sharaɗi ba ya kama wata hanya da wuri. Tsofaffin sojoji da malaman motsa jiki na makarantu za su iya jagorantar atisaye a filayen firamare. Gwamnatin Nasir Idris kuwa, idan tana son ganin 'yan Kebbi a bakin daga nan da shekara goma, aikin yana farawa ne daga abincin mai ciki da na jariri.

Matasa suna sauke nasu nauyin kowace asuba. Saura waɗanda suke zuwa neman ƙuri'unsu.