Zauren Iyali: Gizo da Ƙoƙi a Littafin Masana

Ya ku iyaye, kaka ta zo. A Kankiya da Kusada gero ya shiga rumbu, fara ta cika gonaki, yara kuma suna kamun ta da safe. Lokacin tatsuniya ke nan. To, bari mu ba ku wani abin dariya game da ƙwari da littattafan yara.

Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana aikin farko da Allah ya ba Adamu har da raɗa wa halittu suna. Aikin nan bai ƙare ba har yau. A shekarar 1758 wani mutumin Suwidin, Linnaeus, ya tsara yadda za a ba kowace dabba suna biyu da Latinanci, kamar yadda mu ke kiran yaro da sunansa da na ubansa. Wanda ya fara bayyana sabon ƙwaro, shi ke da ikon raɗa masa suna. A nan ne masana su kan tuna da ƙuruciyarsu.

A 2013 John Huber da John Noyes suka bayyana wani ɗan ƙwaro na ƙasar Kosta Rika. Sai an jera huɗu kafin su kai milimita ɗaya. Suka sa masa suna Tinkerbella nana, domin 'yar aljana mai fukafukai da kuma karen da ke renon yara a cikin labarin Peter Pan. Sunan karen Nana. Nanoninmu na gida su yi haƙuri, ba da su a ke ba!

Haka kuma, masu ziyarar wani gidan tarihi a Balin ta Jamus suka jefa ƙuri'a a kan sunan wani zanzaro na ƙasar Tailan, wanda ke harbin kyankyaso ya mai da shi kamar marar hankali. Suka zaɓi Ampulex dementor, sunan dodannin littafin Harry Potter.

Mu fa, ina namu? A 2017 an raɗa wa wani jinsin gizo-gizo na Afirka suna Anansi, watau Gizon mutanen Gana. Sunan ya dace, gama danginsa su kan je su taɓa saƙar ɗan'uwansu kamar ƙuda ya faɗa, in mai gida ya fito su cinye shi. Wannan ai halin Gizo ne sak! Hausawa kuwa mun rigaya masana: mun ba Gizo baka a sama, yanzu har intanet mun ce yanarsa ce.

Amma auren Gizo da Ƙoƙi, masana ba za su ɗaura shi ba. Gizo ƙafa takwas gare shi, Ƙoƙi shida, saboda haka ba dangi ɗaya ba ne. Ga wata irin ƙoƙi kuwa, sunanta Mantis religiosa, watau annabiya mai ibada, domin yadda ta ke haɗa hannuwa kamar mai addu'a. Sai dai ibadar nan da magana, gama wani lokaci ta kan cinye mijinta. Ashe da dalili Gizo ba ya zaman gida!

Ga abin da ya sa mu ka kawo zancen nan. Ƙoƙi tana cin fara da sauran ƙwarin da ke ɓata wake da auduga. Yaron da ya san ta daga tatsuniya zai tsaya ya dube ta, ba zai take ta ba. Tun 2016 wata tsutsa daga Amurka ta shigo masarar Nijeriya, manomin da ya iya bambanta aboki da maƙiyi a gonarsa kuwa ba ya ɓarnar kuɗin magani. Sanin nan daga suna ya ke farawa.

Yau akwai yaran da ba su san bambancin gyare da tsanya, ko zago da gara ba. Uwa, daren yau ki ba su Gizo da Ƙoƙi. Uba, gobe ka kai su bakin suri, ka faɗa musu sunan kowa. Wa ya sani, ko wata rana ɗan Kusada ne zai sa sunan Ƙoƙi a littafin masana.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.