Fremont: Birnin da Masallaci da Coci Suke Ajiye Mota Wuri Ɗaya



'Yan uwa masu karatu, duk wanda ya ji an ambaci San Faransisko, abin da ke faɗo masa a rai shi ne jar gadar nan da ake yawan nunawa a fina-finai, da kuma kamfanonin kwamfuta da intanet da suka mamaye yankin. To amma birnin da nake so mu leƙa yau maƙwabcinsa ne da ke tsallaken ruwa ta kudu maso gabas, tsakanin Oakland da San Jose, wato Fremont, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna akwai mutum dubu 230 da 'yan kai a cikinsa, shi ne kuma na huɗu wajen yawan jama'a a duk yankin. Fiye da kashi 60 cikin 100 na mazaunansa 'yan asalin nahiyar Asiya ne: Indiyawa, 'yan ƙasar Sin, Filifinawa, 'yan Pakistan da sauransu. A garin da ke cikin Amurka, Turawa su ne 'yan tsiraru.

Garin ba tsoho ba ne. A shekarar 1956 ne wasu ƙananan garuruwa biyar, wato Centerville, Niles, Irvington, Mission San Jose da Warm Springs, suka haɗe suka zama birni ɗaya, shi ya sa har yanzu ba shi da wata cibiya guda kamar yadda muka saba da ƙofar fada ko babbar kasuwa. Kafin su kuwa ƙasar ta mutanen Ohlone ce, waɗanda 'yan mishan na Sifaniya suka tattara a gidan mishan ɗin da suka kafa a 1797, cututtukan da baƙin suka zo da su suka kusa ƙarar da su. Ya kamata mai yabon zaman lafiyar garin ya riƙa tuna wannan.

Abu biyu ne suka cika garin da baƙi. Na farko, dokar shige da fice ta 1965, wadda ta kawar da fifikon da ake bai wa Turawan Turai, ta buɗe ƙofa ga injiniyoyi da likitocin Asiya. Sai ga shi Fremont na bakin kwarin nan da ake kira Silicon Valley. Wanda ya hau gadar Dumbarton daga can, a Menlo Park zai sauka, inda hedkwatar Facebook take. A cikin garin kansa akwai katafariyar masana'antar mota da General Motors ya rufe a 1982, ya sake buɗewa tare da Toyota a 1984, har Tesla ya saye ta a 2010. Na biyu kuma yaƙi ne. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta mamaye Afganistan a 1979, 'yan gudun hijira suka fara sauka a unguwar Centerville, wannan ya jawo ɗan uwansa, wancan ya jawo surukinsa, har aka wayi gari ana kiran wani yanki na unguwar da Ƙaramar Kabul, saboda gidajen gurasa da na abinci da shagunan nama na halal da suka jeru a wurin. Waɗannan ba su zo da digiri a hannu kamar na farkon ba. Da yawansu manyan ma'aikata ne a gida, suka koma tuƙin tasi da tsaron shago.

Abin da ya ja hankalina ga garin shi ne wata 'yar gajeriyar hanya mai suna Peace Terrace, ma'ana layin zaman lafiya. Ƙungiyar Musulmin yankin mai suna Islamic Society of East Bay tana neman filin gina masallaci, ita ma wata majami'a ta ɗariƙar Metodis mai suna St. Paul tana neman nata. Sai suka sami filaye biyu kafaɗa da kafaɗa. A 1993 suka yi bikin aza harsashin gini tare, su ne kuma suka zaɓa wa layin suna. Suka yi yarjejeniya a kan filin ajiye motoci: ranar Juma'a Musulmi su cika shi, ranar Lahadi Kirista su cika shi. A ƙasar da ba a zuwa ko'ina sai da mota, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin kuwa sau da yawa da hujjar cunkoson motoci ake hana a ba da izinin gina masallaci a unguwannin Amurka.

Ku lura da abin da ba a yi ba a nan. Babu wanda ya ce wa limamin ya sassauta tauhidi a huɗubarsa don kada maƙwabci ya ji haushi, babu kuma wanda ya ce a haɗa ibada. Kowa na cikin ɗakinsa yana ganin shi ke kan gaskiya, abin da suka haɗa kawai kwalta ce da layin fenti. Ina faɗar wannan ne saboda ra'ayoyi biyu da nake yawan cin karo da su a wajen matasanmu a intanet. Wani yana ganin ba a zama lafiya da wanda ba Musulmi ba sai an narkar da addini ya koma al'ada kawai. Wani kuma yana ganin duk wata mu'amala da shi rauni ne a aƙida. Duk su biyun sun cakuɗa babin aƙida da babin mu'amala, alhali malaman fiƙihu sun rarrabe su tun da daɗewa, sun kuma tabbatar wa maƙwabci haƙƙinsa ko da ba addininku ɗaya ba. A garin nan kuma akwai babban wurin ibadar mabiya addinin Sikh, da na Hindu, kowa da ranarsa da tufafinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake siffantawa. A watan Oktoba na 2006, an harbe wata mata 'yar asalin Afganistan, uwar 'ya'ya shida, tana sanye da hijabi, da rana tsaka, tana riƙe da hannun ƙaramar 'yarta a kan hanyar ɗauko yara daga makaranta. Kotu ta sami wani mutum da laifin kisan a 2008, ba a kuma tabbatar da dalilinsa ba, amma tsoron da ya shiga zukatan mata masu hijabi a lokacin na gaske ne. A watan Nuwamba na shekarar kisan, aka shirya ranar da matan da ba Musulmi ba suka ɗaura ɗankwali don nuna suna tare da su. Shekara 16 bayan haka, a 2022, yankin ya zaɓi Aisha Wahab, 'yar asalin Afganistan, ta zama Musulma ta farko a majalisar dattawan jihar Kalifoniya.

Inda nake da ja da masu yabon Fremont shi ne wajen kuɗi. Matsakaicin gida a garin ya haura dala miliyan ɗaya. Ashe ke nan akwai ƙofa, mai gadinta kuwa ba ya tambayar launin fata ko addini, albashi yake tambaya. Injiniya Bahindu da injiniya Musulmi da ke aiki a kamfani ɗaya, 'ya'yansu na makaranta ɗaya, suna fargabar jarrabawa ɗaya, me zai haɗa su faɗa? Zaman lafiyar masu ƙoshi abu ne mai kyau, amma ba shi da wuya sosai. Iyalan Afganistan da suka iso bayan faɗuwar Kabul a 2021, da yawansu ba su iya biyan hayar Ƙaramar Kabul ba, sai suka nausa garuruwa masu sauƙi irin su Sacramento.

Jarrabawar ta fito fili a watan Fabrairu na 2025. Bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2024 da ya ba birane damar hukunta masu kwana a titi, majalisar birnin Fremont ta zartar da dokar hana kafa tanti a filayen gwamnati, da tarar da za ta iya kai dala dubu ɗaya ko ɗaurin wata shida. Abin da ya tayar da ƙura shi ne wani saƙo a cikin dokar da ya haɗa har da wanda ya taimaka wa masu tantin. Masu raba abinci da barguna suka tambaya: mu ma masu laifi ne ke nan? Wannan tambaya ta shafi Musulmi kai tsaye, tunda ciyar da miskini da ɗan hanya ba zaɓi ba ne a wurinmu, kuma ba a sharɗanta sai yana da adireshi ba. Jami'an birnin suka ce ba masu ba da abinci suke nufi ba, amma matsin lamba ya yi yawa, a watan Maris majalisar ta cire wannan saƙon. Haramcin kafa tantin dai ba a cire shi ba.