Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Wane Babur Ne Sarki A Indiya?

Yau maganarmu a kan baburan ƙasar Indiya ce. Kada wani ya ce ina ruwanmu da su, gama duk wanda ya tsaya bakin tasha a Kano ko Maraɗi ya dubi abin da ke wucewa, zai ga ƙirar Indiya ta fi a ƙirga. Mutanen can kuwa suna da wata gardama da ba ta ƙarewa, watau wane babur ne ya fi suna da daraja a tarihin ƙasarsu. Waɗansu su ce Bullet, waɗansu su ce Chetak, samarin jiya kuma su rantse babu kamar RX100. Ni dai abin da na gani shi ne, in za a naɗa sarki a cikinsu, to, rawanin na ƙaramin babur ɗin nan ne na gidan Hero, wanda ba ya ƙara, ba shi da wani kyan gani, mawaƙa kuma ba su damu da shi ba. Ga hujjojina, mai karatu ya auna da kansa.

Mu fara da babban yaya, watau Bullet na kamfanin Royal Enfield. Asalinsa na Ingila ne, daga wani gari da a ke kira Redditch. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Indiya ta nemi babur mai ƙarfi wanda soja za su riƙa sintiri da shi a kan iyaka, ta sa aka kawo guda 800 masu girman inji si-si 350. A 1955 aka kafa kamfanin Enfield na Indiya a birnin Madaras, wanda yanzu a ke kira Chennai. Da fari haɗawa kaɗai su ke yi, kayan na zuwa daga Ingila cikin akwatuna, amma zuwa 1962 kowane ƙarfe na jikinsa a gida a ke ƙera shi. Abin mamaki, uwar kamfanin ta Ingila ta rufe masana'antarta ta ƙarshe a 1970, ɗan da ta bari a Madaras kuwa ya ci gaba da aiki har yau. Bullet babur ne mai nauyi, mai wata irin kuka da a ke ganewa tun daga nesa. Soja da 'yan sanda da masu manyan gonaki su ne mahayansa. In ya shigo ƙauye, kowa ya san mai hali ne ko mai iko ya iso. A taƙaice dai matsayinsa irin na ingarman doki ne a ƙofar fada.

Bayansa akwai waɗansu da suka yi zamaninsu. Akwai Jawa, ƙirar Cekoslobakiya, wanda aka fara haɗawa a birnin Maisur a farkon shekarun 1960, daga baya aka sake masa suna Yezdi, har masana'antar ta rufe a 1996. Akwai Rajdoot na kamfanin Escorts, wanda aka ɗauko ƙirarsa daga ƙasar Folan, masu tallan madara suka riƙe shi domin yana ɗaukar manyan garewani a gefe da gefe. Sai Yamaha RX100, wanda ya fito a 1985 aka daina yinsa a 1996. Ƙarami ne, si-si 98 kacal, amma in an murɗa shi sai ya zabura kamar an tsikari barewa, shi ya sa samari suka haukace a kansa, har yanzu kuma tsohonsa mai lafiya yana da tsada. Waɗannan ukun injinsu iri ɗaya ne, irin wanda ke ƙone fetur tare da baƙin mai, sai hayaƙi da yawan shan mai. Sa'ad da gwamnati ta tsananta dokar hayaƙi, kwanansu ya ƙare.

To, sai Chetak, wanda ya fi kowa shiga zuciyar iyalan birni. Shi irin babur ɗin nan ne mai ƙananan ƙafafu da faffaɗan wurin ajiye sawu, wanda mu nan mu ke kira basfa. Kamfanin Bajaj na birnin Puna ya fara ƙera Vespa da izinin kamfanin Piaggio na Italiya a farkon shekarun 1960. Da yarjejeniyar ta ƙare a 1971, sai ya fito da nasa a 1972, ya sa masa sunan dokin wani jarumin sarki, Maharana Pratap. An ce a yaƙin Haldighati na 1576 dokin nan, da raunin da ke jikinsa, ya fitar da ubangidansa daga fagen fama kana ya faɗi ya mutu. Sunan ya dace, domin Chetak ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa. Maigida na tuƙi, yaro na tsaye a gabansa riƙe da kan babur, uwargida na zaune a karkace a baya da jariri a cinya, ga taya ta sauyi ɗaure a bayanta. In ya ƙi tashi da safe, sai a karkata shi gefe guda mai ya gangara, a sake bugawa. Duk Ba'indiyen da ya girma a lokacin ya san wannan.

Yabon gwani ya zama dole, amma mu faɗi gaskiya: rabin sunan Chetak rashi ne ya jawo shi. A zamanin nan gwamnatin Indiya ba ta barin kamfani ya ƙera fiye da adadin da ta rubuta masa a takardar izini, kuma ta toshe ƙofa ga kayan waje. Saboda haka mutum ya kan rubuta sunansa, ya ajiye kuɗin kamu, sa'an nan ya zauna jira, wani har shekara goma. Wanda layi ya zo kansa yana iya sayar da takardarsa da riba mai kauri. A can kuma al'ada ce iyayen amarya su ba ango dukiya, ko da ya ke doka ta hana tun 1961, sai Chetak ya zama abin da angwaye ke kafa wa ido. Abin da a ke jira shekara goma, dole a ƙaunace shi ranar da ya zo, ko da yana da aibi. Rashin uwa ne ya sa aka yi uwar ɗaki. Ba a san ƙwarin Chetak na gaskiya ba sai da aka buɗe kasuwa, mai saye ya sami zaɓi.

An fara buɗe ƙofar a farkon shekarun 1980, sa'ad da aka yarda kamfanonin Japan su haɗa jari da 'yan ƙasa. Suzuki ya haɗu da TVS, Kawasaki da Bajaj, Yamaha da Escorts. Honda kuwa a 1984 ya haɗu da iyalin Munjal na birnin Ludiyana, masu ƙera kekunan Hero waɗanda mu ma mun san su. A 1985 suka fito da CD100. Injinsa si-si 97 ne, fetur na gefe, baƙin mai na gefe, ba hayaƙi, ba hayaniya. Kamfanin ya yi shelar cewa lita ɗaya tana kai shi kilomita 80, alhali tsofaffin babura da ƙyar su ke wuce rabin wannan. A 1994 aka gyara shi aka fito da ƙanensa mai suna Splendor. A tsakani kuma, a 1991, gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh yana ministan kuɗi, ta soke yawancin takardun izinin nan. Daga nan jira ya ƙare, kowa ya shiga kanti ya ɗauki abin da hankalinsa ya kwanta da shi.

Me suka ɗauka? Wajen shekara ta 2000 irin waɗannan ƙananan babura sun sha gaban basfa a kasuwa. A 2001 Hero Honda ya zama kamfanin da ya fi kowane yawan ƙera babura a duniya. Chetak ya yi ta ja da baya har aka daina yinsa wajen 2005. Hero da Honda sun raba gari a ƙarshen 2010, amma Splendor bai girgiza ba, kuma a watan Janairu na 2021 kamfanin Hero ya cika babur miliyan 100 tun kafuwarsa. Ku lura, ba wanda ya tilasta wa mutanen nan. Malamin makarantar ƙauye, da akawu, da manomi mai 'yar gona, da mai kai saƙo, kowannensu ya zauna ya yi lissafin albashinsa da kuɗin mai da kuɗin makaniki, ya ga inda ya fi masa sauƙi. Wannan ita ce ƙuri'ar da ba a sayenta, domin da gumin mutum a ke jefa ta.

Na san abin da masoyan Bullet za su ce. Za su ce yawa ba shi ne daraja ba, in da yawa ne da jaki ya fi doki, kuma ba wanda ke tafiya yawon buɗe ido kan duwatsun Himalaya don a ɗauke shi hoto bisa Splendor. Za su ƙara da cewa Bullet yana nan da ransa, Royal Enfield ma ya sayar da babur fiye da miliyan ɗaya a shekarar cinikinsa ta 2024 zuwa 2025. Duk wannan gaskiya ne. Amma su tuna yadda aka yi ya rayu. Kamfanin Eicher ya karɓi Enfield a 1994, zuwa 2000 kuma ciniki ya lalace har masu shi suna shawarar sayarwa ko rufewa, domin tsohon Bullet yana yoyon mai, yana wuyar tashi, giyarsa kuma tana ƙafar dama saɓanin sauran babura. Sai wani saurayi daga iyalin masu kamfanin, Siddhartha Lal, ya karɓi ragama. Aka sake inji, aka mai da giya hagu, aka sa maɓallin tayarwa, aka fito da Classic a 2009. Watau doki bai tsira ba sai da ya koyi haƙurin jaki. Amana da sauƙin riƙo da ƙaramin babur ya saba wa mutane da su, su ne suka zama ma'aunin da aka ɗora wa kowa, har da manya.

Abu guda ne ya iya ja da Splendor, shi ma ta hanyar da Splendor ya bi. Wannan ita ce Activa ta Honda, wadda ta fito a 2001, basfa ce marar giya, sai murɗawa da birki. Kinetic Honda da Scooty na TVS sun riga sun share mata fage, amma ita ce ta cika gari. Mace mai sanye da zanen sari tana iya hawanta ba tare da ta ɗaga ƙafa ta tsallake tanki ba, tsoho ma haka. Ɗalibai mata da ma'aikatan asibiti da iyaye masu kai yara makaranta suka sami abin hawa na kansu. Bajaj, wanda ya sanar a 2009 cewa ya bar ƙera basfa, sai ga shi a ƙarshen 2019 ya dawo da sunan Chetak a kan wata mai aiki da lantarki. In Splendor sarki ne, Activa ce ta cancanci zama kusa da shi, domin ta buɗe hanya ga rabin jama'ar da a da sai dai a goya su.

Hukuncin da talakan Indiya ya yanke, shi ne namu ya yanke ba tare da sun yi shawara ba. Boxer na Bajaj, wanda ya fara fitowa a 1997, ɗan makarantar ƙananan baburan nan ne masu tsimin mai. Shi ne 'yan acaɓa a Nijeriya da 'yan kabu-kabu a Nijar suka runguma, manomi ya ɗaura masa buhun masara, ya kai maras lafiya asibiti ta hanyar da mota ba ta bi. Ba su zaɓe shi don kyau ba. Sun ga kayan gyaransa na nan a kowace kasuwa, makanikin gindin bishiya kuma ya san cikinsa.

Saura magana ɗaya mai ɗaci, wadda masu kirarin babura ba su son ji. A ƙididdigar gwamnatin Indiya ta 2022, mutum fiye da 168,000 suka rasu a haɗarin hanya, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari masu hawa babur ne. Hoton nan na iyali huɗu bisa basfa ɗaya, da a ke tunawa da shi cikin shauƙi, hoton kasada ne da talauci ya tilasta. Babur da ya sauƙaƙa wa talaka tafiya, shi ne kuma ya fi kai shi kushewa in an yi ganganci. Saboda haka sarautar da na ba ƙaramin babur tana da sharaɗi a kan mahayinsa, can da nan: hular kwano a ka, birki mai kamawa, lodi daidai ƙarfin abin hawa, gudu daidai hanya.

To, jama'a, Bullet ya ci kirarinsa, Chetak ya ci tunawa, RX100 ya ci ƙuruciyarsa. Amma ranar da ɗayanku zai ƙirga kuɗinsa ya shiga kanti, kada ya tambayi wanne ya fi kuka. Ya tambaya lita ɗaya ina za ta kai shi, kayan gyara nawa ne, kuma wa zai gyara masa in ya tsaya a daji. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.