Wa Ya Kaɗa wa Tanimu Tambari?

A watan Satumba na shekarar 2019, tashar talabijin ta PBS a ƙasar Amurka ta nuna wani dogon shiri mai suna Country Music, wanda Ken Burns ya shirya. Kashi 8 ne, tsawonsa awa 16, kuma ya bi tarihin kiɗan mutanen karkara na kudancin Amurka tun daga farkon ƙarni na 20 har zuwa 1996. Shekara 8 aka kwashe ana aikinsa, aka yi hira da mutum sama da 100. Kafin a kai ga nuna shi, da yawa daga cikin waɗanda aka zanta da su sun riga sun kwanta dama, cikinsu har da Merle Haggard da ya rasu a 2016. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da abin da ke bakinsu ya bi su kushewa.

Masu kallo a can ba su tsaya ga tafi ba. Wasu suka ce an ba Johnny Cash lokacin da ya wuce kima, kamar shi kaɗai ya taɓa rungumar jita. Wasu suka shiga lissafa mawaƙan da suke ƙauna waɗanda aka ambata a gurguje ko aka tsallake su ɗungurungum. Wasu suka ga tsayawa a 1996 gudun rigima ne da masu rai. Masu sharhi kuma suka ce an taɓo batun baƙar fata a kashin farko, sannan aka bar shi ya huce. Ana cikin wannan cece-kuce, tsofaffin faya-fayan Patsy Cline da na Cash suka sake samun kasuwa, jikoki suna sayen abin da kakanninsu suka saurara.

Shirin ya iso nan ta intanet, ya shiga wayoyi da kwamfutocin ƴan boko, musamman malaman Ingilishi da waɗanda suka tashi suna jin kaset ɗin Don Williams a shagunan Zango. Magana biyu ake yawan ji daga bakin waɗanda suka gan shi. Ta farko alfahari ce: ashe banjo, wato molon da ake kiɗan da shi, daga Afirka ya fita, ashe gurmi ne ya haye teku ya sake riga. Ta biyu ƙorafi ce: me ya hana talabijin ta ƙasa ta yi wa Damagaram irin wannan? Duka biyun suna da daɗin faɗi a majalisar shayi, kuma duka biyun hanya ce ta kauce wa aiki.

A fara da alfaharin. Gaskiya ne bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka su suka ƙirƙiro banjo a tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka, da ƙwarya da fata da sanda, kuma shirin bai ɓoye haka ba. Amma masu bincike sun fi nuna akonting na Jolawan Senegal da Gambiya a matsayin wanda ya fi kama da shi, ga kuma ngoni na Mali da halam na Wolof. Gurmi da molo ƴan dangi ne, ba su ne uwa ba. Ko da ma su ne uwar, me aka ci da wannan? Mai bugun ƙirjin nan zai iya kawo sunan Earl Scruggs da shekarar da ya shahara, amma a ce ya ambaci masu gurmi uku daga Mirriya ko Matamai ko Magarya, da sunan wanda ya koya musu, sai a ji tsit. Yana neman gadon kaka a Nashbil, alhali bai san ƙofar gidan kawunsa ba.

Abin da ya kamata ya hana mai kallo barci wani abu ne daban. Kiɗan nan da aka yi wa shirin awa 16 kiɗan talakawa ne, na manoma da ƴan haƙar gawayi da direbobi, kuma mutanen birni sun daɗe suna kallon masu yinsa a matsayin ƙauyawa marasa wayewa. A ƙarshen Yuli da farkon Agusta na 1927, wani ɗan kasuwa mai suna Ralph Peer ya kafa na'urar ɗaukar murya a garin Bristol, kan iyakar jihohin Tenesi da Bajiniya, ya ɗauki waƙa 76 daga mawaƙa da ƙungiyoyi 19. A nan aka fara jin Jimmie Rodgers da iyalan Carter. Ba don son al'ada ya yi ba, kuɗi ya fito nema. Amma ya rubuta sunan kowa, da ranar da aka ɗauka, da sunan waƙa. Wannan ɗabi'a ta ajiye suna ita ta sa bayan shekara 90 ake iya gardama kan wa aka fifita, wa aka danne. Ita ce ma ta sa aka iya tono waɗanda aka zalunta: Lesley Riddle, baƙar fata mai ƙafa ɗaya da ya riƙa bin A.P. Carter ƙauye-ƙauye yana haddace karin waƙoƙi, da DeFord Bailey da aka sallama daga dandalin Grand Ole Opry a 1941 ya koma goge takalma, ya rasu a 1982, ba a karrama shi a zauren manyan mawaƙan ba sai 2005. An yi zalunci, amma an bar sawun da za a bi.

A waccan shekara ta 1927, Zinder ba ta daɗe da rasa matsayinta na babban birnin mulkin mallaka ba, domin a 1926 aka mayar da gwamna Yamai. Birni ne mai fada, mai ganuwa, mai tarihin fatauci har Tarabulus. Tarihin sarakunansa ya samu masu rubutawa, kuma Allah ya saka wa marigayi André Salifou, wanda littafinsa na 1971 a kan Damagaram ta ƙarni na 19 har yau ba a daina komawa gare shi ba. Ɗalibin lise mai ƙoƙari zai faɗi yadda Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera manyan bindigogi, ya rasu a 1884. Zai faɗi yadda aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Amadu Kuran Daga, da yadda Faransawa suka ci garin a 1899. To, a tambaye shi wa ya kaɗa wa Tanimu tambari, wa ya busa masa kakaki, daga wane gida, kuma ina jikokinsu a yau. Alhali da yawa daga abin da aka sani game da waɗannan sarakuna ta bakin makaɗa da maroƙa ya iso, tunda tuna baya shi ne roƙo. An karɓi kayan, an sallami mai dakon ba tare da an tambayi sunansa ba.

Dalilin ba boyayye ba ne, kunya ce kawai ke hana a faɗe shi a taron ƙungiyoyin al'adu. Makaɗi a idon mutane da yawa maroƙi ne, ana yi masa liƙi ranar biki, ana hana shi auren ƴa washegari. Wannan raini ya bi hanya har cikin aji. Malami ɗaya zai koyar da tatsuniyar La Fontaine da shekarar haihuwarsa da sarkin zamaninsa, a sa'a ta gaba ya rubuta waƙar Hausa a allo ya sa mata "waƙar gargajiya", kamar daga sama ta faɗo. Kalmar gargajiya ta zama bargon da ake lulluɓe sunan mai abu. Ko Ma'azu Ɗan Alalo, wanda muryarsa ta zama kamar tutar fadar Damagaram, waƙoƙinsa sun yi yawo a kaset marar bango, yanzu suna yawo a katin waya ba shekara, ba wurin ɗauka, ba sunan ƴan amshi. Ana jin daɗinsa, ba a san shi ba.

Ba a ce ba a yi komai ba. An kafa cibiyar CELHTO a Yamai a 1968 domin tattara tarihin baka, IRSH tana da nata faya-fayen, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da kiɗan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a shekarun 1960, an buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a 1989, ga gasar Ɗan Gurmu a Tawa. Zamanin Kunce, samariya da bikin matasa na ƙasa sun hau da makaɗa da yawa kan dandamali, su Yazi Dogo kuma suka sa Zinder ta zama gidan wasan kwaikwayon Hausa. Sai dai abin da aka ajiye yana Yamai ko Faris, nesa da malamin da ke Gure ko Tanut, abin da aka yi a dandamali kuma ya tashi tare da kujerun ƴan kallo. A tsallaken iyaka, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana bin makaɗa yana rubuta rayuwarsu, Mamman Shata kuma ya samu littafi guda a 2006, shekara 7 bayan rasuwarsa. Tsakanin Kano da Zinder tafiyar yini ɗaya ce bai cika ba.

Mutum ɗaya daga wannan jiha ya nuna yadda ake yi. Malam Mamman Barka, haifaffen Tasker, malamin makaranta ne kafin gurminsa ya kai shi duniya. Da ya ji cewa biram, garayar Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale, saura tsoho ɗaya ya iya ta a bakin tafkin Cadi, sai a 2002, da tallafin UNESCO, ya tattara ya tafi wurin Bukar Tar ya durƙusa ya koya. Tsohon ya rasu bayan ya miƙa masa kayan. Barka ya rasu a Nuwamba 2018. Wata ɗaya bayan haka aka yi bikin 18 ga Disamba a Zinder da sunan Zinder Sabuwa, aka shimfiɗa kwalta, aka yi gine-gine, makaɗa suka kaɗa wa manyan baƙi. Kuɗin kilomita ɗaya na kwaltar nan da ya isa a zauna da kowane tsohon makaɗi daga Dungas zuwa Damargu.

Sai ƙorafin talabijin. A ɗauka gobe an ba da kuɗi an ce a yi shirin. Kowa ya san abin da za a gani: ƙofar fada, kakaki da algaita, dawakin hawan salla, dogarai cikin ja da kore, mai sharhi yana zuba Faransanci. Kiɗan fada abin alfahari ne, kuma shi ne ya fi samun mai kula da shi, domin sarauta tana nan. Wanda ke mutuwa shi ne takwaran kiɗan da Ken Burns ya bi: gangar noma a gayya, kalangun mahauta ranar hawan ƙaho, garayar mafarauta, kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gida, waƙar niƙa da injin niƙa ya kashe, waƙar daɓe da siminti ya binne. Mai amsa-kuwwa da kwamfuta ya karɓe gidan biki. Mata su suka fi asara, don zabiya ko a da ba ta cika samun mai tambayar sunanta ba. Kuma Damagaram ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Gidan sarautar kansa daga Barebari ya samo tushe, ga Buzaye da Fulani da Tubawa, kowa da kiɗansa. Shirin da ya tsaya a ƙofar fada zai ƙara tabbatar da rainin da ya kawo matsalar.

Akwai masu cewa kiɗa ba abin da musulmi zai ɓata lokaci a kansa ba ne, balle garayar bori. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan kiɗa, kuma ba a nan za a raba gardamar ba. Amma rubuta cewa wane ɗan wane ya yi kiɗa kaza a gari kaza ba rawa ba ce. Malaman da suka rubuta tarihin Kano ba su share Barbushe ba don ba su bin tafarkinsa.

Batun rashin kuɗi ma ya tsufa. Na'urar da ke aljihun kowane mushe a yau ta fi wadda Peer ya kai Bristol kyawun ɗaukar murya nesa ba kusa ba. Abin da ake bukata shi ne zama: a tambayi makaɗi sunansa da na mahaifinsa, wa ya koya masa, wa ya yi wa kiɗa, da wane itace da wace fata ake haɗa kayansa, wace waƙa ce tasa, wacce ya gada, a rubuta rana da wuri, a nemi izininsa, a ba shi haƙƙinsa da kwafin abin da aka ɗauka, kada a maimaita abin da aka yi wa Riddle. Kowace ƙungiyar al'adu da ke karɓar tallafi don shirya daren gargajiya tana iya ware rabin kuɗin hayar kujeru ta yi hira 10 a shekara. Kowane malamin Hausa ko Faransanci yana iya mayar da aikin hutun ɗalibansa hira da tsohuwar da ta iya waƙar daka a unguwarsu, a rubuta da Hausa, a fassara. Jami'ar André Salifou tana nan cikin gari tun 2010. Ita ta fi dacewa ta karɓi kwafi, ta yi jerin sunaye, ta buɗe shi ga mai nema. Gidan rediyon jiha kuma ya fito da jerin tsofaffin faya-fayensa a mayar da su cikin kwamfuta, domin zaren kaset ba ya jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu, kuma injinan da ke iya karanta shi sun kusa ƙarewa a kasuwar Dole.