Ku Buɗe Ido Kafin Ku Ɗauki Alƙalami

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, kwanan baya na ba 'yan aji shida aikin insha'i a kan damina. Da na zauna dubawa, kusan kowa ya rubuta cewa damina lokaci ne mai ni'ima da albarka, amma ban samu ko mutum ɗaya da ya ambaci ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko ba. Wannan ya sa na ga ya dace in ba ku labarin mawaƙan ƙasar Sin na dā.

A zamanin daular Tang, daga shekarar 618 zuwa 907, waƙa ta kai matsayin da har a jarrabawar shiga aikin sarki ana sa mutum ya tsara ta. A lokacin ne aka yi Li Bai da Du Fu da Wang Wei. Suna da wani nau'in waƙa mai layi huɗu kacal, kowane layi harafi biyar ko bakwai. Wanda aka ba harafi ashirin, ai kun ga ba shi da filin surutu. Dole ya zaɓi abu guda da idonsa ya gani, ya ɗora masa abin da ke zuciyarsa.

Wata, a wajensu, yana tuna wa matafiyi gida. Dinyar daji da ke ƙaura ita ce mai ɗaukar wasiƙa. Akwai kuma wata itaciya ta bakin ruwa mai suna liu, sunanta ya yi kama da kalmarsu ta "zauna", saboda haka idan aboki zai yi tafiya sai a karya reshenta a miƙa masa.

Wani uba zai ce, "To Malam, zancen wata da itatuwa ba aikin marasa abin yi ba ne?" A'a. A shekarar 755 An Lushan ya tayar da tawaye, babban birninsu Chang'an ya faɗa hannun 'yan tawaye, Du Fu ya maƙale a ciki, iyalinsa suna nesa. A 757 ya tsara waƙa mai layi takwas. Bai tsaya ƙirga gawarwaki ba. Ciyawar da ta rufe birnin ya nuna, da furfurar kansa, mai karatu ya gane sauran da kansa. Har yau yaran Sin suna haddace ta a makaranta.

Ra'ayina shi ne mu ɗauki hanyarsu, mu bar musu itatuwansu. Mu ma fa muna da namu. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa. Shamuwa kuwa da ta sauka a gari, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Wa ya taɓa sa su a insha'insa?

Don haka, ɗalibai, ga aikin hutu: kowa ya zaɓi abu ɗaya a ƙofar gidansu, ya lura da shi kwana bakwai, sannan ya rubuta layi huɗu ba tare da kalmar "kyau" ko "daɗi" ba. Iyaye kuma, don Allah, idan kun ga yaro ya tsura wa kuka ido, kada ku kore shi, aikin Malam yake yi.

Wassalam.