Kafin Ka Sa Wa Motarka Manyan Rim, Ka Tuna Hanyar Gida



Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga taron wata-wata, na ɗan tsaya a bakin ƙofa ina kallon motocin da aka jera a waje. Alhamdu lillahi, Allah ya buɗa wa yaranmu. Waɗanda suka zo garin nan da jaka ɗaya a kafaɗa yau su ne ke zuwa taro da motocinsu. Amma na ga abin da ya hana ni yin shiru. Motoci da dama an cire musu rim ɗin da suka zo da shi daga kamfani, an sa manya masu ƙyalli, inci 18, 19, har da 20, da taya siririya a kai. Na durƙusa na duba ɗaya. Rim ɗin sabo ne fil, tayar da ke kansa kuwa ta shekara tara da yi, gefenta duk ya tsattsage.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk wanda ke da kuɗin da zai kashe wa ƙafafun motarsa, ya fara zuba su a taya mai kyau, sabuwa, daidai da girman da kamfani ya rubuta. In wani abu ya yi saura, sai a yi maganar ado. Mu kuwa mun juya abin, muna sayen ado da kuɗin taya.

Ba daga nesa nake magana ba. Shekarun baya da na sayi Camry ɗina, irin ta 2007 zuwa 2011 da ake ce wa Muscle, ni ma sai da na yi wannan kwalliyar. Na cire rim inci 16 na sa inci 18 a wani shago. Da aka zo kan taya sai na tarar aljihu ya yi sauƙi, mai shagon ya ce ga tokumbo masu kyau, zanensu ko taɓuwa bai yi ba. Na karɓa. Da Sallah ta zo na ɗebi iyali muka kama hanya. Tsakanin Jebba da Mokwa, gab da magariba, na faɗa wani rami da ban gani ba. Rim ɗin gaba ya lanƙwashe, gefen tayar ya yage, iska ta fice nan take. Allah ya tsare ba gudu nake yi ba. Na sa tayar ko-ta-kwana muka lallaɓa zuwa gari, na bi masu faci ɗaya bayan ɗaya, babu mai girman tayata. Sai da muka kwana a hanya da ƙananan yara. Tun daga ranar na koma inci 16, kuma ban sake marmarin canzawa ba.

Bari in bayyana abin da ke faruwa, don kada a ce tsoro ne kawai irin na manya. A gefen kowace taya akwai rubutu, misali 215/60R16, wanda shi ne girman da yawancin irin waccan Camry ke zuwa da shi. Lambar farko faɗin taya ce, milimita 215. Ta biyu tsayin gefen taya ce, wato kashi 60 cikin 100 na faɗin, ya kama milimita 129. Ta ƙarshe girman rim ce, inci 16. Gurbin da ƙafar mota ke juyawa a ciki ba ya ƙaruwa don ka canza rim, saboda haka duk incin da ka ƙara wa ƙarfe, daga roba za a rage shi. In ka koma inci 18 za a ba ka kamar 225/45R18, gefenta ya dawo milimita 101. In ka tafi inci 20 ka sa 225/35R20, gefen bai kai milimita 79 ba. Ka ga ka zubar da milimita 50 na roba da iska.

Wannan gefen taya shi ne matashin farko tsakanin motarka da rami. Shi ke shanye duka kafin ya kai ga rim, da boris, da shokazoba. In ya yi siriri, bakin rami kan matse roba a jikin ƙarfe, wayoyin ciki su tsinke, sai ka ga ƙulli ya kumburo a gefen taya. Taya mai ƙulli ba a yi mata faci, ranar fashewa kawai take jira. Rim ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe ana iya buga shi ya miƙe a ci gaba da tafiya. Na aloyi, musamman masu arha, sau da yawa tsagewa yake yi, kuma walda a kansa ba abin da mutum zai ɗora iyalinsa a kai ba ne.

Akwai wata lamba da ba mu cika kula da ita ba, wadda ke bin bayan girman taya, kamar 94V ko 91W. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. 94 na nufin kilo 670, 91 kuma kilo 615. Wanda ya sauka daga 94 zuwa 91 ya rage kilo 55 a kowace ƙafa, kilo 220 ke nan a ƙafa huɗu, fiye da buhun shinkafa huɗu. To, kowa ya san yadda muke tafiya gida. Mutum biyar a ciki, but cike da tsaraba har sai an danne shi, a yi tafiyar da ta kai kilomita 1,000 ko fiye a kan kwalta mai zafi. Nauyi da gudu da zafi su ne ke kashe taya, kuma a tafiyar Sallah duka ukun suke haɗuwa.

Babbar illar ma ba a rim ɗin take ba, a abin da yake tilasta maka ne. Taya ta manyan rim ta fi tsada, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ita ma ta daina yin taya a Ikeja a 2008, yawancin tayoyin motocinmu daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Mutum ya gama kashe kuɗi a rim, sai ya tarar sabbin taya huɗu sun fi ƙarfinsa, sai ya gangara layin tokumbo. Tsofaffin taya suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su, amma kasuwa cike take da su. Wasu an cire su ne a Turai don sun tsufa. Wasu kuma tayoyin hunturu ne, za ka ga alamar dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki a gefensu. An yi robarsu da laushi don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Ka ɗauki irin wannan ka bi da ita Kontagora a watan Afrilu, me kake jira?

Zane mai kyau ba ya nuna ƙuruciyar taya. Roba tana tsufa ko tana ajiye a shago. Shekarunta a rubuce suke: ka nemi inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta daɗe tana faɗakarwa cewa taya ta shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, wa'adinta ya cika. Kamfanin Michelin kansa cewa yake daga shekara biyar a riƙa kai ta gwani ya duba duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Ko wanne ka ɗauka, taya mai shekara tara ba ta da hurumin ɗaukar 'ya'yanka zuwa Sakkwato.

Wanda ke ganin fashewar taya abin tsofaffin motocin haya ne kawai, ya tuna ranar 6 ga Maris, 2016. A ranar ne ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta babbar motar da suke ciki ta fashe. In motar minista ba ta tsira ba, balle tamu da muke lallaɓawa.

Na san abin da matasanmu za su ce, kuma sun faɗa mini a fuska. Na farko, kuɗina ne, motata ce. Gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya so abinsa ya yi kyau. Wanda ya sha wahalar Legas yana da haƙƙin ya ji daɗin guminsa. Sai dai motar da ka ɗauki matarka da 'ya'yanka da ɗan maƙwabci a ciki ta daina zama taka kai kaɗai. Kuma ni da ke riƙe da littafin ƙungiya na san cewa in abu ya faru a hanya, wayar farko nan ake bugowa, asusun taimakon juna ake taɓawa, mu ne ke zaryar asibiti da ofishin 'yan sanda.

Na biyu, suna cewa siririyar taya ta masu gudu ta fi kama hanya. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. A kan kwalta mai santsi, sabuwar taya irin wannan daga kamfanin kirki ta fi riƙe kwana, birki ma ya fi ci. Amma da sharaɗi biyu: ta kasance sabuwa, hanyar kuma ta kasance lafiyayya. Robarta mai laushi ce, ta fi saurin cinyewa, don haka za ka fi yawan canza ta. Harafin da ke bayan lambar nauyi gudu yake nunawa: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Dokar ƙasar nan ta tsayar da ƙaramar mota a kilomita 100 a babbar hanya. Kana biyan kuɗin gudun da ba za ka taɓa yi ba, a hanyar da ko 80 ba ta ba ka dama. In kana neman alamar da za ta amfane ka, duba inda aka rubuta Temperature a gefen taya, in akwai. A ta fi B jure zafi, B ta fi C. Wannan ya fi dacewa da ƙasarmu.

Ga wanda ya ce shi dai sai ya canza, ban hana ba, amma a yi shi da ilimi. Kada a wuce ƙarin inci ɗaya a kan na kamfani, kuma tsayin ƙafar gaba ɗaya, rim da taya, kada ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin 100, in ba haka ba malejin gudu zai riƙa yi maka ƙarya, tayar kuma ta riƙa gogar jikin mota in an yi lodi. A tabbata rim ɗin na motarka ne. Camry da Accord duk noti biyar ne da tazara ɗaya, milimita 114.3, amma ramin tsakiyarsu ya bambanta, na Camry 60.1, na Accord 64.1. Corolla ta 2003 zuwa 2013 da ake kawowa daga Amurka kuwa noti biyar ce da tazarar milimita 100. In mai shago ya ce zai ɗan faɗaɗa ramukan ya shiga, ka ɗauki kuɗinka ka tafi. Bayan an ɗaura, a yi balansin da alaimen. Iska kuma a bi abin da ke rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Sau nawa na ga mai faci yana dura iska yana bubbuga taya da hannu, wai shi ne gejinsa.

In kuɗinka na taya biyu ne kawai, ka sayi biyu sababbi masu kyau ka sa su a baya, ka tara na sauran. Mota in ta ƙwace daga baya ta fi wuyar riƙewa. Kada kuma a manta da tayar ko-ta-kwana, wadda wasunmu sun fi shekara ba su ɗaga but sun dube ta ba.

Shawarar da zan gabatar a taro mai zuwa ita ce, mako biyu kafin kowace tafiyar Sallah mu ware yini ɗaya na duba taya. Muna da bakanikai da tsofaffin direbobin manyan motoci a cikinmu, sun san abin nan fiye da ni. Kowa ya kawo motarsa a karanta masa shekarun tayarsa, a duba ƙulli da tsaga, a auna zane, wanda bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba. Ba tara, ba tozarci. Wanda aka ce tayarsa ta mutu yana da mako biyu ya nemi wata. Ina roƙon iyayenmu su mara wa wannan baya, matasa kuma su zo da hujjarsu mu tattauna, ƙofa a buɗe take.

Mutanen gida da ke tsaye a ƙofar gida suna jiranmu ba inci nawa ne rim ɗinmu suke ƙirgawa ba, mutum nawa suka sauko lafiya suke ƙirgawa. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya. Amin.

Naku,
Sakataren ƙungiya