Ikkilisiya Ta Koma Wa Kututturen Da Ke Gonarta

A shekarar 1983 wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya da ke aikin gona da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya tsayar da motarsa a kan wata hanya mai rairayi domin ya rage iskar tayoyi. Dashen itatuwa ya ɗauko, ya kuma san yawancinsu ba za su ga damina mai zuwa ba. Tun zuwansa Nijar a 1981 yake raba dashe ƙauye-ƙauye, rana ta ƙone wasu, awaki su cinye wasu, gara ta ƙarasa saura. Kamar yadda shi kansa yake ba da labari, a nan ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Da ya dubi wani ɗan tsiro a gefen hanya, sai ya gane ganyen na babban itace ne. Ashe kututture ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa na nan da ranta, duk shekara tana fid da toho, duk shekara manomi ya sassabe.

Daga nan aka samu abin da manoman yankin ke kira sassabin zamani. Manomi ya zaɓi kututture, na kalgo ne ko sabara ko gawo, ya bar toho mafi ƙarfi daga ɗaya zuwa biyar, ya datse saura, ya rage rassan ƙasa, ya tsare shi daga wuta da dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, itacen kan girma da saurin da dashe ba ya iya kamawa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman kudancin Nijar, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, sun maido da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

Duk Kiristan da ya saba da Littafi Mai Tsarki, labarin nan ba zai yi masa baƙunta ba. Ayuba ya yi maganar begen da itace ke da shi ko bayan an sare shi. Annabi Ishaya, a sura ta 11, da tohon kututture ya kwatanta zuwan Almasihu daga gidan Yesse. A Yohanna sura ta 15 kuwa, reshen da ke ba da 'ya'ya shi ne mai gona ke bi da wuƙa domin ya ƙara bayarwa. Masu wa'azi na son waɗannan ayoyi ƙwarai, amma tsarin aikin ikkilisiyoyi da dama ya fi kama da motar da ke cike da dashe.

A duba yadda ake kashe kuɗi da ƙarfi. Ana shirya babban taron farkawa, a hayo lasifika, a gayyato baƙon mai wa'azi daga birni, a ƙidaya waɗanda suka ɗaga hannu, a rubuta rahoto. Babu laifi a taro, mutane da yawa ta nan suka fara jin bishara. Tambayar ita ce wa ke bin sawunsu bayan wata shida. A gefe guda kuma ga saurayin da ya tashi a makarantar Lahadi, ya tafi jami'a ya daina zuwa sujada. Ga gwauruwar da 'yan zumunta suka cika gidanta ranar jana'iza, daga baya ƙafa ta ɗauke. Ga dattijon da aka sa a ƙarƙashin horo shekarun baya, babu wanda ya koma ya ji lafiyarsa. Waɗannan duka suna da saiwa, ayoyin da suka haddace tun ƙuruciya ba su gushe ba, kuma sunayensu na cikin littafin ikkilisiya. Abin takaici ne a ce makiyayi ya san adadin baƙin taro, bai san inda waɗannan suka shiga ba.

Aikin ba mai sauƙi ba ne, domin datsa na da zafi. Mai bi da ke son ya girma dole ya bar wasu abubuwa, har da waɗanda ba zunubi ba ne: yawan kwamitoci, yawon taro daga wannan majami'a zuwa waccan, dogon zama a kan waya da ke cinye lokacin addu'a. Kututturen da aka bar wa toho ashirin duhuwa yake zama, ba ya kai ga yin inuwa.

Akwai wani sashe na labarin Maraɗi da ya kamata fastoci su riƙe. A yunwar 1984 an ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar itatuwa a gonakinsu. Da aka daina rabon, da yawa suka sare su. Waɗanda suka bari sai suka ga sun samu makamashi da abincin dabba, iska ta daina binne musu shuka, maƙwabta suka kwaikwaya. Abin ya bazu sosai ne sa'ad da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Bangaskiyar da aka riƙe saboda tallafi ko saboda tsoron fasto, ranar da tallafin ya yanke takan tafi tare da shi. Wadda ke jure fari ita ce wadda mutum ya ɗauka tasa, yana buɗe Littafi da kansa a gida. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka babu uzurin harshe.

Kira a nan ga dattawan ikkilisiya ne, daga Maraɗi zuwa Wusasa da Jos. Kafin a tsara kasafin taron baɗi, a buɗe littafin baftisma na shekara goma da suka wuce, a fitar da sunayen waɗanda ba a ƙara gani ba, a raba su tsakanin dattawa da zumuntar mata da matasa, kowa ya je gidan wanda aka ba shi ya gaishe shi.